GASHAKA-GUMTI: WATA HUƊU DA TSAUNI KE BUƊE ƘOFARSA

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a cikin watan Disamba, sai kogunan da suka kewaye ƙauyen Gashaka su janye, su bar yashi da duwatsu a fili. A sa'an nan ne mota ke iya tashi daga garin Serti, cikin Jihar Taraba, ta kutsa gandun namun daji mafi girma a Nijeriya ba tare da fargabar taɓo ko ambaliya ba. Daga wannan lokaci zuwa ƙarshen Maris, watau kimanin wata huɗu, shi ne lokacin masu hawan dutse da masu sha'awar kallon dabbobi. Abin baƙin ciki kuwa shi ne, ƙofar da ta buɗe wa baƙo ita ce kuma ta buɗe wa maɓarnaci.

Gandun Gashaka-Gumti yana kwance ne a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, ya haɗa ƙasar Taraba da ta Adamawa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Gwamnatin tsohuwar Jihar Arewa Maso Gabas ce ta fara keɓe dazuzzukan Gashaka da Gumti a 1972, sa'an nan a 1991 Gwamnatin Tarayya ta haɗe su wuri guda ta mai da su gandun ƙasa. Kafin wannan duka, yankin yana hannun Jamus ne har zuwa Yaƙin Duniya na Farko, kuma har yau akwai kangon sansanin Jamusawa kusa da ƙauyen Gashaka. Sai a 1961, bayan ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, ƙasar ta shigo Nijeriya a cikin Lardin Sardauna.

TAFIYAR ƘAFA

Wanda ya saba da Yankari, inda a ke zama cikin mota a zaga daji, to, sai ya sake shiri in ya nufi Gashaka. Nan tafiyar ƙafa a ke yi. Baƙo zai yanki takardar izini a hedkwatar gandun da ke Serti, a haɗa shi da ma'aikacin tsaron daji wanda ya san hanya, shi kuma ya nemi 'yan dako waɗanda za su ɗauki guzuri da tanti, domin babu kasuwa ko masauki a kan tsauni.

Mai ƙaramin ƙarfi yana iya tsayawa a Kwano, tafiyar 'yan sa'o'i daga ƙauyen Gashaka, cikin kurmi mai duhu. Mai ƙarfin gwiwa kuwa sai ya haura Chappal Hendu, wanda ma'anarsa da Fulatanci ita ce Tsaunin Iska. Tun da safe a ke kama hanya, kafin rana ta yi zafi, a bi ta cikin dogayen ciyayi da kwazazzabai har a fito sarari inda itatuwa suka ƙare, sai gajeriyar ciyawa da garken shanun Fulani. A can ƙarshen kudu kuma ga Chappal Waddi, ko Gangirwal, mai tsawon mita 2,419, watau kusan ƙafa 8,000, wanda babu tsaunin da ya kai shi a Nijeriya. Fulani sun sa masa suna Tsaunin Mutuwa, kuma galibin masu hawansa ta wajen tudun Mambila su ke ɓullo masa, tafiyar kwanaki ce zuwa da komowa.

Kada mai karatu ya auna sanyin wurin da na Kano ko na Zariya. Da rana gumi zai jiƙa rigar matafiyi, amma da faɗuwar rana sai iska ta juya, sanyi ya ratsa ƙashi, wanda bai zo da bargo mai kauri da rigar sanyi ba ya kwana a gindin wuta yana rawar ɗari. Wani lokaci kuma hazo kan rufe ƙasa, mutum ya sha wahalar hawa ya isa ƙololuwa bai ga komai ba sai fari fat. Saboda haka ne masu ja-gora ke son a isa sama da sassafe.

INDA DABBOBI KE TARUWA

Dalilin da ya sa hunturu ya fi dacewa da kallon dabbobi a bayyane ya ke. Ciyawa ta bushe ko ta ƙone, ido yana kai wa nesa. Ƙananan rafuka sun ƙafe, tilas kowace dabba ta gangaro babban kogi. Wanda ya yi haƙuri ya zauna shiru a bakin Mayo Kam zai iya ganin dorina a gurbinta da kada yana shan hantsi, a cikin ruwan kuma akwai giwan ruwa da tsage. A kurmi akwai mazo da gada da bauna da aladen daji, ga gwaggon biri da wani biri baƙi mai farar jela da ke tsalle a ƙwanƙolin itatuwa. A filayen Gumti na arewa, waɗanda a ke shiga ta garin Toungo, nan ne mazaunin gwanki da kanki da gwambaza. Tsuntsaye kuwa an lissafta fiye da iri 500.

Amma abin da ya fitar da sunan Gashaka a duniya shi ne cimfanzi, babban birin nan mai kama da mutum, irin wanda ba a samunsa ko'ina sai a Nijeriya da Kamaru. A shekarar 2000 Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan ya kafa aikin bincike a Kwano, inda aka gano cewa waɗannan birai suna gyara tsinke su zura a rami su ɗebo zuma ko tururuwa. Ganinsu sai mai rabo. Sau da yawa abin da baƙo ke samu shi ne ihunsu da asuba, ko sheƙar ganye da suka kwana a ciki.

ƊAYA GEFEN

Dabbobin nan sun ga tasku. Annobar bushiya ta 1983 da 1984, wadda ta karya makiyaya da yawa a Arewa, ta hallaka ɓauna ba adadi a wannan daji. Bayanta sai mafarauta masu tarkon waya, da masu haƙar ma'adinai a ɓoye, da masu saran madobiya waɗanda suka yi wa dazuzzukan Taraba ƙarƙaf saboda kasuwar katako ta ƙasar Sin. Dukansu da rani su ke samun hanya, kuma akwai ma'aikatan tsaron gandun da suka rasa rayukansu a hannun irin waɗannan mutane. Ga kuma gobarar daji: wutar da aka sa da wuri, ciyawa na da sauran danshi, takan tsaya a fili ta fito da toho, wadda aka sa a Fabrairu kuwa takan ci har gefen kurmi.

A 2017 Hukumar Gandayen Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da wata ƙungiya mai suna Africa Nature Investors domin su gudanar da gandun tare. Daga nan aka ɗauki sababbin ma'aikata daga ƙauyukan kewaye, aka horar da su, aka ba su kayan aiki. Sai dai bindiga kaɗai ba ta tsare daji. Akwai makiyaya da manoma da doka ta yardar musu su zauna a wasu keɓaɓɓun wurare a cikin gandun, kamar Filinga da Chappal Hendu, kuma sai sun ga amfanin dajin a aljihunsu za su zama idonsa.

A nan ne matafiyi ke da nasa rabon aikin. Kuɗin da ya biya ɗan dako, da kazar da ya saya a ƙauye, da ladan mai ja-gora, su ne ke nuna wa saurayin Gashaka cewa ɓauna mai rai ta fi ta kasko riba.

Batun kuma ya wuce na dabbobi. Kurmin da ke kan waɗannan tsaunuka shi ne ke riƙe ruwan damina, ya riƙa sakinsa a hankali cikin Kogin Taraba, wanda ke zuba a Binuwai. Masunci a Ibi da mai noman rani a Makurɗi, waɗanda watakila ba su taɓa jin sunan Chappal Waddi ba, suna cin albarkacinsa kowace shekara. Ranar da kurmin ya ƙare, su ne za su fara gani a bakin kogi.