Haƙurin Allah a Ƙissar Annabi Yunusa

Haƙurin bawa daban, na Ubangiji daban. Sau da yawa bawa kan yi haƙuri ne don ba shi da yadda zai yi, amma Allah Yana jinkirta uƙuba alhali kuwa Yana da cikakken ikon saukar da ita. Ƙissar Annabi Yunusa, alaihis salam, ta fito da wannan fili.

An aike shi zuwa ga mutanen Ninawa, daura da Mosul ta ƙasar Iraƙi a yau, su 100,000 ko fiye. Suka ƙi ji. Ya yi fushi, ya bar garin tun ba a yi masa izini ba, ya shiga jirgin ruwa. Aka yi ƙuri'a ta faɗa kansa, kifi ya haɗiye shi.

Abin lura a nan shi ne, mutanen sun yi taurin kai, Annabin kuma ya yi gaggawa, amma ba wanda aka yasar. Da suka ga alamun azaba suka tuba, aka yaye musu. Shi kuwa da ya kira Ubangijinsa cikin duhu, aka fito da shi gaɓa a galabaice, aka tsirar masa da wata shuka mai yaɗo, dangin duma da kabewa, ta yi masa inuwa. Sa'an nan aka mayar da shi ga mutanen da ya bari.