Neman Alƙibla da Taswirar Intanet

Ku sani, ya malamai da fatake, alƙiblar Kano ba gabas sak take ba, ta karkata arewa da wajen daraja 22. Wanda ya sauka a garin da bai sani ba, sai ya buɗe taswirar Qibla Finder, wadda Google ya fitar a 2017, ya nuna mata masaukinsa. Nan take za ta ja layi daga nan har Ka'aba. To, amma kamfas ɗin waya yakan ruɗe in ƙarfe na kusa, balle cikin mota ko rumfar kwano. Abin da ya fi, a dubi yadda layin ya ratsa titin da ke cikin taswirar, sa'an nan a shimfiɗa buzu daidai da haka.