Faɗin Abin da Ka Iya a Wurin Intabiyu Ba Yabon Kai Ba Ne

Akwai wata fahimta da ta zauna daram a zukatan matasanmu masu neman aiki, har da wasu iyayensu da malamansu. Ana ganin ɗan mutunci ba ya zama a gaban manya yana lissafa abin da ya iya. In an kira shi intabiyu, ya je cikin ladabi, ya miƙa takardunsa, ya amsa tambaya a taƙaice, sauran ya bar wa Allah. Ka ce masa ya faɗi nasarorin da ya samu, sai ya amsa maka da cewa, "Ai yabon kai jahilci ne, takarduna sun isa." Ina girmama masu wannan ra'ayi, domin daga kyakkyawar tarbiyya ya fito. Sai dai ina ganin an ɗora shi a inda ba muhallinsa ba, kuma hakan yana jawo wa 'ya'yanmu asarar guraben da suka cancanta.

Bari mu fara ba wa ra'ayin haƙƙinsa. A al'adarmu mutum ba ya gabatar da kansa, gabatar da shi ake yi. Saurayi in zai nemi aure, magabatansa ne ke magana, iyayen yarinya kuma su aika a yi bincike a unguwarsu. Ɗan kasuwar da ke neman yaron shago yakan tambayi tsohon ubangidan yaron, ko liman, ko mai unguwa. A fada ma, yabo aikin maroƙa ne, basarake ba ya yi wa kansa. Wannan tsari ya yi mana amfani shekaru aru-aru, saboda kowa ya san gidan kowa. Addini kuma ya ƙarfafa shi. Suratun Najmi ta hana mutum tsarkake kansa, hadisi ya sanya kunya cikin rassan imani, kuma Annabi (SAW) ya hana Abdurrahman bin Samura neman shugabanci. Wanda ya tashi a kan wannan, in ya ji nauyin buɗe baki ya ce "na iya", bai kamata a yi masa dariya ba.

To, a ina gizo ke saƙar? A ɗakin intabiyu babu ko ɗaya daga cikin waɗanda suka saba yin magana a madadinka. Mutum uku ne ko biyar a bayan tebur, ba su taɓa ganinka ba, ba su san gidanku ba, wataƙila ba ma yarenku ɗaya ba. Mintuna kaɗan za su ba ka, ga layi a waje yana jira. Layin kuwa ba ƙarami ba ne. Hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a watanni ukun ƙarshe na 2020. Ba mu manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, lokacin da ɗaruruwan dubban matasa suka cika filayen wasa don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, a kan guraben da ba su kai 5,000 ba, har mutane fiye da goma suka rasu a turmutsutsu. A irin wannan cunkoso, wanda ya yi shiru ba a cewa yana da kunya, mantawa ake yi da shi.

Batun takardu kuwa, sun riga sun gama nasu aikin tun kafin ka iso. Su suka sa aka kira ka. Duk wanda ke zaune a bencin nan tare da kai yana da irin digirinka ko diflomarka, yana da takardar hidimar ƙasa, wadda matasa ke karɓa tun da aka kafa shirin a 1973. Abin da kwamiti ke son sani shi ne abin da takarda ba ta iya faɗa: me ka taɓa yi da hannunka, yaya kake tunani in matsala ta taso, kuma za a iya sakar maka aiki a juya baya?

Masu ɗaukar ma'aikata ba don jin daɗin hira suke yin waɗannan tambayoyi ba. A 1998 wasu masana biyu 'yan Amurka, Frank Schmidt da John Hunter, sun tattara binciken shekara 85 a kan hanyoyin zaɓen ma'aikata. Sun gano cewa gwada mutum da aikin kansa, da kuma intabiyu mai tsari, inda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya ana ba da maki, sun fi yawan shekarun karatu nuna wanda zai yi aiki da kyau. Shi ya sa a bankuna da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji za ka ga kowane ɗan kwamiti da takardar maki a gabansa. In an ce ka ba da misalin wata matsala da ka taɓa warwarewa, ka yi murmushi ka ce "Alhamdu lillahi, muna dai ƙoƙari", gurbin makin zai tashi fayau. Ko ɗan kwamitin ya so ka, ba shi da abin rubutawa.

Sai mu koma ga addini, tunda nan ne damuwar mutane da yawa take. A aya ta 55 ta Suratu Yusuf, Annabi Yusuf (AS) da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasar, ya kuma ambaci dalilansa biyu: zai tsare, kuma ya san aikin. Fari na shekara bakwai na tafe, sarki bai gama sanin ko shi wane ne ba, kuma babu wanda ya fi shi dacewa. Malaman tafsiri, cikinsu har da Imam Ƙurɗubi, sun kafa hujja da wannan aya cewa ya halatta mutum ya faɗi abin da yake da shi na ilimi da ƙwarewa idan ba a san shi ba kuma akwai buƙata. Abin da aka hana shi ne kwaɗayin mulki da alfahari da iƙirarin tsarkin zuciya. A Suratul Ƙasas ma, siffofin da aka ambata wajen ɗaukar Annabi Musa (AS) aiki a Madyana biyu ne, ƙarfi da amana, kuma waɗannan su ne abin da kowane kwamiti na gari ke nema har yau. Ga 'yan'uwanmu mata, waɗanda nauyin kunya ya fi dannewa, su tuna Nana A'isha (RA) ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba.

Akwai kuma wani ɓangare da ba mu cika dubawa ba. Idan gwani ya rufe bakinsa, gurbin ba zai zauna babu kowa ba. Wanda ya fi shi baki, ko da bai kai shi iyawa ba, shi zai samu. Gobe shi ne zai tsaya a gaban ɗalibai, ko ya riƙe asusun ma'aikata, ko ya duba mara lafiya. Asarar ta wuce ta mutum ɗaya, ta shafi jama'ar da za su zauna ƙarƙashin aikinsa. Don haka ɓoye iyawa a gaban masu zaɓe ba tawali'u ba ne zalla, akwai tauye amana a ciki.

Ina iyakar da ke tsakanin yabon kai da bayanin kai? Mu dubi magini. In ya ce maka, "Duk garin nan babu kamata," ya yabi kansa, kuma za ka yi shakkarsa. In ya ce, "Ni na ɗora benen da ke kusa da masallacin Juma'a, damina uku ke nan bai tsage ba, je ka duba," bayani ya yi maka, kuma babu mai cewa ya yi rashin kunya. Na farko hukunci ya yanke wa kansa. Na biyu hujja ya ajiye, ya bar maka hukuncin. Abin da ake so a intabiyu ke nan.

Tambayar farko kusan kullum ita ce, "Ba mu labarin kanka." Da yawa sukan fara daga garin da aka haife su, su bi ta firamare da sakandare, lokaci ya ƙare ba su iso kan aikin ba. Wasu kuma su faɗi suna da jiha su yi tsit. Amsa mai kyau ba ta wuce minti ɗaya zuwa biyu, kuma abu uku take ɗauke da su: abin da ka karanta ko kake yi yanzu, aiki ɗaya ko biyu da ka yi wanda ya shafi gurbin, da dalilin da ya sa kake neman wannan wuri. Misali, mai neman aikin akanta za ta iya cewa: "Na karanta aikin akanta. Ina makaranta nake riƙe littafin ciniki a shagon kawuna a Kantin Kwari. Da na ga basussuka suna ɓacewa, sai na mayar da lissafin cikin kwamfuta, na ware wa kowane mai karɓar kaya shafinsa, har muka gano kuɗin da aka manta da su. Na ga kuna neman wanda zai kula da asusun dillalanku, kuma irin aikin da na saba ke nan." Babu alfahari a nan ko kaɗan. Ta faɗi halin da ta tarar, da matakin da ta ɗauka, da abin da ya biyo baya.

Matasanmu da yawa suna raina abin da suka yi saboda ba a ofis suka yi shi ba. Koyarwa a Islamiyya, riƙe kuɗin ƙungiyar unguwa, aikin rigakafi gida-gida, kula da gonar gado da biyan 'yan ƙwadago, aikin raya al'umma a lokacin hidimar ƙasa, duk waɗannan gogewa ce, in an iya bayyana ta. Haka kuma a rage fakewa a bayan "mun yi". In tare aka yi aiki, a faɗi haka, sannan a fayyace wane ɓangare ne naka. Sunkuyar da kai da sassauta murya ladabi ne a zauren mahaifinka, amma baƙon da bai san al'adarmu ba zai iya ɗaukarsu rashin tabbas. Ka gaisa da girmamawa, ka zauna in an ba ka izini, ka dubi mai tambaya ba tare da ƙura masa ido ba, ka yi magana yadda na ƙarshen tebur zai ji. Tunda yawanci da Turanci ake yi, ko Faransanci a Nijar, ka maimaita amsarka a bayyane a gaban wani ɗan'uwa har bakinka ya saba, amma kada ka haddace ta kamar karatun allo.

Inda masu wancan ra'ayi suke da cikakkiyar gaskiya shi ne batun cika baki. Kada gyara ya zama ɓarna. Wanda ya ce ya iya abin da bai iya ba, tambaya ɗaya ta biyo baya za ta tona shi, domin ramin ƙarya ƙurarre ne. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi yadda za ka bi ka koya. Kada ka zagi tsohon wurin aikinka, kada ka ɗauki aikin wani ka ce naka ne. Tawali'un da ake buƙata a ɗakin nan shi ne tsayawa a kan gaskiya, ba ƙari ba ragi.

Wani zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, aiki a ƙasar nan sai da hanya. Ba na musun akwai son kai da alfarma a wurare da dama. Amma ba kowane gurbi aka raba a ɓoye ba, kuma mara ubangida shi ya fi kowa buƙatar iya bayanin kansa, tunda ba shi da wani abin dogaro bayan Allah sai iyawarsa da bakinsa. Rabo na Allah ne, ba shakka, amma riƙo da sababi ma umarni ne.

Kirana ga iyaye shi ne su ci gaba da koya wa yara kunya, su haɗa musu da iya magana a gaban manya cikin natsuwa. Jami'o'inmu da kwalejoji su riƙa shirya wa ɗaliban ajin ƙarshe gwajin intabiyu kafin su fita. 'Yan kwamiti su yi haƙuri da mai nauyin baki, su ƙara masa tambaya har abin da ke cikinsa ya fito. Kai kuma matashi, ke kuma matashiya, kafin ranar da za a kira ku, ku zauna ku rubuta ayyuka uku da kuka yi da hannunku waɗanda za ku iya kare su a gaban kowa. Ku shiga da bismilla, ku faɗe su yadda suke, sannan ku bar wa Allah zaɓi.