Roy Hargrove: Matashin mai busa da ya haɗa kiɗan dattawa da na zamani

A shekarar 1987 wani shahararren mai busa, Wynton Marsalis, ya kai ziyara wata makarantar sakandare a birnin Dallas na jihar Texas ta Amurka. Sunan makarantar Booker T. Washington, kuma ta kware wajen koyar da kiɗa, zane da wasan kwaikwayo. Cikin ɗaliban da suka yi masa busa a ranar akwai wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Roy Hargrove. Da Marsalis ya ji busar yaron, sai ya gayyace shi su hau dandamali tare a Fort Worth, birnin da ke makwabtaka da Dallas. Bayan shekara uku, wato a 1990, yaron nan ya fitar da kundin waƙoƙinsa na farko yana ɗan shekara 20.

'Yan uwa ɗalibai, na san da yawanmu in aka ce kiɗan jaz, abin da ke faɗo mana a rai shi ne wani kiɗan tsofaffin Turawa mai sa barci. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da wani abokina a ɗakin kwanan ɗalibai ya kunna mini busar Hargrove a wayarsa. Tun daga lokacin nake bibiyar labarinsa.

Mene ne bebop?

Baƙaƙen fatar Amurka ne suka ƙirƙiro jaz a farkon ƙarni na 20, musamman a birnin New Orleans. A shekarun 1940 wasu matasan makaɗa a unguwar Harlem ta New York, irin su Charlie Parker, Dizzy Gillespie da Thelonious Monk, suka gaji da kiɗan da ake yi don rawa kawai. Sukan haɗu da tsakar dare a wani gidan kiɗa mai suna Minton's, su yi ta gwada juna. A nan aka haifi salon bebop: kiɗa ne mai tsananin sauri, mai yawan lanƙwasa, wanda ake zama a saurara.

Ga yadda ake yin sa. Makaɗan za su fara da karin waƙar tare. Daga nan sai kowa ya karɓa shi kaɗai, ya ƙirƙiri sabon kari nan take, ba tare da ya fita daga ma'aunin waƙar ba. A ƙarshe su sake haɗuwa a kan karin da suka fara da shi. Wanda ya taɓa ganin makaɗin baka yana ƙago baiti a gaban jama'a alhali 'yan amshi na riƙe da amshinsu, zai gane abin da ake nufi.

Abin da Hargrove ke busawa shi ne kakakin Turawa. Ya bambanta da dogon kakakin da muka sani a fada, wanda muryoyinsa kaɗan ne. Na Turawan bututun tagulla ne da aka naɗe, yana da maɓallai uku kacal. Mai busa zai matse leɓɓansa ya hura iska har su riƙa karkarwa, wannan karkarwar ce ke zama sauti. Kowane maɓalli da ya danna yana ƙara wa hanyar iskar tsawo, sai murya ta sauka. Sauran aikin duk na leɓe ne da numfashi. Shi ya sa mai wannan busa in ya yi 'yan kwanaki bai yi atisaye ba, leɓɓansa ne za su fara tona masa asiri.

Kundin farko

An haifi Roy Hargrove ranar 16 ga Oktoba, 1969, a garin Waco, ya kuma tashi a Dallas. Yana ɗan shekara tara ya fara busa a ƙungiyar makaɗan makarantarsu. Bayan sakandare ya yi karatu na ɗan lokaci a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston, sannan ya koma New York, inda manyan masu sana'ar suke.

Sunan kundinsa na farko Diamond in the Rough, ma'ana lu'ulu'un da ba a riga an goge shi ba. Kamfanin Novus ne ya fitar da shi. A ciki ya yi aiki da sa'o'insa kamar Antonio Hart mai busa saksafon, da kuma dattawa kamar John Hicks mai kaɗa fiyano. Ya busa sababbin waƙoƙi, ya kuma ɗauko tsofaffi irin su Ruby, My Dear ta Thelonious Monk da Whisper Not ta Benny Golson.

Ɗauko tsohuwar waƙa a jaz tamkar shiga jarrabawa ne a bainar jama'a, domin masu sauraro sun riga sun ji yadda gwanayen baya suka busa ta. Hargrove ya ci wannan jarrabawa. A waƙoƙi masu sauri busarsa tana da kaifi da zafi, a masu sanyi kuma takan yi taushi kamar mutum na yi maka raɗa. Masu sharhi suka riƙa danganta salonsa da na magabata irin su Clifford Brown da Freddie Hubbard, suka kuma sa shi cikin rukunin matasan da aka yi wa laƙabi da "matasan zakuna."

Bai tsaya a nan ba. A 1994 ya fitar da kundi tare da manyan masu busa saksafon, ciki har da Joe Henderson da Johnny Griffin, waɗanda sun isa su haife shi. A 1995 ya yi wani kundin don girmama Charlie Parker. A 1997 ya haɗa kai da makaɗan ƙasar Kyuba, ciki har da Chucho Valdés, suka yi kundin Habana, wanda ya samo masa lambar yabo ta Grammy.

Matsalar da ta taso

Sai dai akwai wani abu. Hargrove yaron zamaninsa ne. Ya tashi yana jin kiɗan coci, da fank, da sol, da hip-hop, kuma bai daina son su ba. A wancan lokacin kuwa akwai masu ra'ayin cewa ɗan jaz na gaskiya ba ya kusantar irin wannan kiɗa. Marsalis kansa, wanda ya fito da shi, sananne ne wajen sukar hip-hop. Ga suna ya yi, ga dattawa sun sa masa albarka. In ya karkata, za a iya cewa ya zubar da girman sana'a don neman kasuwa.

Duk da haka ya karkata. A shekarar 2000 an ji busarsa a manyan kundaye uku: Voodoo na D'Angelo, Mama's Gun na Erykah Badu, wadda makarantar sakandare ɗaya suka yi, da Like Water for Chocolate na Common. A kundin Common ɗin akwai waƙar girmama marigayi Fela Kuti na Nijeriya, wadda Hargrove ya yi busa a ciki tare da Femi Kuti, ɗan Fela.

Ya kafa ƙungiyar RH Factor, a 2003 suka fitar da nasu kundin na farko mai suna Hard Groove. A nan ne haɗin ya cika. Ganga da jita mai kaurin murya suna riƙe da kiɗa mai nauyi irin na hip-hop da fank, wanda ke sa mutum gyaɗa kai ko bai shirya ba. A samansa kuma kakakin Hargrove na yawo da lanƙwasar bebop. Common da Q-Tip sun yi rap a ciki, Badu da D'Angelo sun rera. Wata dabara da ya kware a kai ita ce ya naɗi busarsa sau da yawa, ɗaya a kan ɗaya, har ka ɗauka taron masu busa ne alhali mutum ɗaya ne.

Me ya sa haɗin nasa bai zama kwamacala ba? A ganina, saboda ya shafe fiye da shekara goma yana koyon tushen kafin ya taɓa shi. Kuma bai watsar da tsohon salon ba. A wannan shekarar ta 2003 ya sake karɓar Grammy kan wani kundin jaz tsantsa da ya yi da Herbie Hancock da Michael Brecker. A 2008 ya fitar da Earfood, mai ɗauke da Strasbourg/St. Denis, waƙar da ɗaliban kiɗa a ƙasashe da dama ke koyon busawa har gobe.

Ƙarshen tafiya

Hargrove ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda. Ya yi kusan shekara 14 ana yi masa wankin ƙoda, amma bai ajiye kakakinsa ba. An san shi da zuwa ƙananan gidajen kiɗa na New York da tsakar dare, ya yi busa tare da matasa masu tasowa, ya gyara musu kuskure kamar yadda aka gyara masa. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jazz Gallery a 1995, wurin da sababbin makaɗa ke samun damar nuna basirarsu. Ya rasu a New York ranar 2 ga Nuwamba, 2018, yana da shekara 49.

Da yawanmu muna son mu fito da sabon abu, ko a waƙa, ko a rubutu, ko a zane, amma muna ƙyashin zama mu koyi na da. Wasu kuma sun riƙe na da har suna tsoron taɓa sabo. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Hargrove ya yi nisa, amma kullum yana komawa gida.

In ka samu dama a hutun ƙarshen mako, bayan ka gama aikin gida, nemi Ruby, My Dear a kundinsa na 1990 ka saurara, sannan ka bi ta da kowace waƙa a Hard Groove. Shekara 13 ce tsakaninsu. Ka kasa kunne ka ji ko za ka gane cewa bakin mutum ɗaya ne ke busawa.