Yadda ake rina fondan ya yi baƙi ƙirin

Fondan, wato kwaɓaɓɓen sukarin da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, fari ne fat. Shi ya sa baƙi ya fi kowane launi wahalar da masu kek. In kala ta yi kaɗan ya fito ruwan toka, in ta yi yawa ya yi danƙo da ɗaci, ya kuma ɓata haƙoran masu ci.

Dabarar ita ce kada a fara daga fari. A cuɗa fondan da garin koko har ya yi ruwan ƙasa mai duhu, sannan a sa kala. Baƙin koko, irin wanda ke cikin biskit ɗin Oreo, ya fi rage aiki. Koko yana busar da kwaɓin, don haka a shafa ɗan daskararren man kek a hannu. Kalar ma ta zama mai kauri, irin ta AmeriColor ko Sugarflair. Ta ruwa jiƙa sukari take yi ya saki.

Inda aka fi yin kuskure shi ne gaggawa. Da fondan ya kai launin gawayi, a dakata haka nan. A naɗe shi a leda, iska kada ta shiga, ya kwana. Kafin safe launin ya zauna, ya ƙara duhu da kansa.

Wajen murzawa a guji barbaɗa garin sitaci, domin farin tabonsa ba ya ɓuya. Gawayin magani kuwa, gara kada a yi rini da shi: yana iya rage ƙarfin magungunan da mutum ke sha.