Shin firgici da baƙin ciki na lalata hanta?

A zaman makoki ake yawan jin maganar: "Ai tun da shagonsa ya ƙone bai ƙara lafiya ba, baƙin ciki ne ya cinye masa hanta." Yanzu kuma ta koma WhatsApp, ana tura saƙo cewa tashin hankali na dare ɗaya ya isa ya kashe hantar mai lafiya, sai a biyo da tallar wani jiƙo mai wanke ta. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, shi ya sa take saurin shiga kunne.

Gaskiya ne hanta na jin firgici a jikinta. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙulli da ke sakin sinadarai cikin jini da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari. Na farko shi ne adirenalin, wanda cikin daƙiƙu yake sa zuciya dukan uku-uku. Shi ne ke umartar hanta ta fito da sukarin da ta adana, kimanin giram 100 a jikin baligi, don mutum ya samu ƙarfin gudu ko faɗa. Yana kuma matse jijiyoyin jinin ciki, a karkatar da jini zuwa ƙafafu da hannuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga hanta, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke turawa ta cikinta yake bi. Bayan mintuna sai kotisol ya biyo baya, ya sa ta ƙera sabon sukari. Tun 1915 wani masani ɗan Amurka, Walter Cannon, ya bayyana wannan shiri na jiki.

Gaskiya ne kuma an ga illa a ɗakin gwaji. Idan aka ƙuntata ɓera aka hana shi motsi na wasu sa'o'i, sinadaran ALT da AST, waɗanda ke tsiyayowa cikin jini idan ƙwayoyin hanta sun ji rauni, sukan hau. Amma ɓeran da aka ɗaure daban, magidancin da ya samu mugun labari daban. Ga mai lafiyayyar hanta, firgici na wucewa, jini ya koma hanyarsa, hanta ta sake cika rumbunta.

Inda hanta ke faɗuwa farat ɗaya shi ne idan jiki ne da kansa ya shiga matsanancin hali: zubar jini mai yawa bayan haihuwa ko haɗarin mota, gazawar zuciya, cutar da ta bazu cikin jini, ko bugun zafin rana. Jini ya yi ƙasa sosai, hanta ta rasa iska, ALT ya haura dubbai. Masu tura saƙo sukan ɗauko wannan su jingina wa ɓacin rai, alhali ba su haɗa hanya ba.

Damuwa mai daɗewa kuwa tana da nata rabon. A 2015 masu bincike a Jami'ar Edinbara sun duba bayanan mutum fiye da 160,000, suka ga masu yawan damuwa sun fi mutuwa da ciwon hanta. Sai dai tafiya tare ba ta nuna wanda ya jawo wani. Mai damuwa ba ya samun barci, cin abincinsa na rikicewa, wani ya faɗa shaye-shaye, wani ya riƙa haɗiyar farasitamol ba lissafi saboda ciwon kai. Iyakar farasitamol ga babba giram 4 ne a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Wuce haka na iya kashe hanta cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya fi ci mini rai da wannan jita-jita shi ne mai laifin da take ɓoyewa. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Da yawa tun suna jarirai suka kamu, ta kwashe shekaru tana aiki a ɓoye. Ranar da idanu suka yi rawaya, ciki ya kumbura, sai dangi su tuna gobarar bara su ce ita ce. Shi ke nan, ba a gwada matar mai ciwon ba, ba a gwada 'ya'yansa ba.

A nan ne ma kotisol ke da haɗari na zahiri. Ƙwayoyi irin su dekzametazon da firedinisolon, da wasu 'yan mata ke saye a kemis don su yi ƙiba, 'yan uwansa ne na kanti. Suna danne garkuwar jiki, suna iya tayar da ƙwayar B da ke kwance, kuma daɗewa a kansu na tara kitse a hanta.

Batun jiƙon wanke hanta kuwa, babu abin da yake wankewa, wasu sassaƙen ma su ke raunata ta. Wanda ya ga shawara a idonsa, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko yana jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya je asibiti a gwada jininsa, ko yana cikin damuwa ko ba ya ciki. Jariri kuma a yi masa allurar rigakafin nau'in B cikin sa'o'i 24 da haihuwa, sannan a cika sauran a kan lokaci.