Linzami Uku a Bakin Jami'ar Wudil

Jami'ar da ta fi kusa da mutanen Gaya da Ajingi ita ce ta kimiyya da fasaha da ke Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. A ƙa'ida jami'a tana cin gashin kanta: majalisar malamanta ke yanke hukunci kan karatu da jarrabawa. A aikace kuwa linzami uku ne a bakinta. Gwamnatin Kano ke biyan albashi, asusun TETFund ke ba da kuɗin gine-gine da bincike daga harajin kamfanoni, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, kuma ke tantance kwasa-kwasai.

Idan lokacin tantancewa ya zo, tawagar farfesoshi daga wasu jami'o'i kan sauka. Su ƙirga malamai, su leƙa ɗakunan gwaji da laburare, su buɗe tsofaffin takardun jarrabawa. Kwas ɗin da ya cika sharuɗɗa ya sami lasisin shekara 5, mai rangwame ya sami na wucin gadi na shekara 2, wanda ya faɗi a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Tsarin yana da amfani, sai dai an sha zargin wasu jami'o'in ƙasar nan da aron kayan aiki da malamai na 'yan kwanaki, baƙi na tafiya a mayar wa masu su.

A Disamba 2022 NUC ta fito da sabuwar manhaja, CCMAS: hukumar ke tsara kashi 70 cikin 100, jami'a ta cike 30 da abin da ya dace da yankinta. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi watsi da tsarin, tana cewa an shiga hurumin malamai. Ko da wa ke da gaskiya, kashi 30 ɗin nan fili ne da ya kamata a cika shi da matsalolin gida: ƙudujin da ke shanye gero da dawa, ƙasar da ta gaji, da ƙwarin da ke cinye wake a rumbu.

Matsalar ita ce ma'aunin ƙarin girma. Malami kan hau matsayi ne galibi da yawan maƙalun da ya buga a mujallu, waɗanda manomin Ajingi ba zai taɓa gani ba. Alhali ga misali a Samarun Zariya, inda cibiyar binciken noma ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da irin wake SAMPEA 20-T mai jure tsutsar kwanso a 2019. Wannan bincike ne da ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga gona.

Abin da ke hannun jami'a, ba sai ta jira Abuja ba, shi ne ta gyara ma'auninta: malamin da bincikensa ya isa gonaki ya sami maki kamar mai maƙala, a kuma riƙa jin bakin ƙungiyoyin manoma kafin a raba kuɗin bincike na shekara.